Ragar Gaban Mota: Cire Ta da Maido da Ƙyallinta



Batun da na zo muku da shi a daren yau ƙarami ne a ido, har wani zai iya cewa bai isa a tara mutane a bakin akwatin rediyo dominsa ba. Amma tun da yake Allah Maɗaukakin Sarki Ya hore wa da yawa daga cikinmu abin hawa, kuma kula da abin da aka hore wa bawa wani yanki ne na shukura, ban ga aibi ba mu zauna mu yi nazarin wannan raga mai ƙyalli da ke gaban mota, tsakanin fitilu biyu, wadda makanikai ke kira giril, mu ga yadda ake cire ta ba a karya ba, da yadda ake maido mata da haskenta bayan rana da ƙura da damina sun dusashe shi.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan mas'ala shi ne motar wani dattijo maƙwabcinmu, Marsandi ce irin wadda masu ƙera ta suka sa wa lamba W123, wadda aka yi ta fitarwa a ƙasar Jamus daga shekarar 1976 zuwa 1986 har adadinta ya kai wajen miliyan 2.7, wadda kuma duk wanda ya yi wayo a garuruwanmu a wancan zamani ya saba ganinta a ƙofar gidajen attajirai da manyan ma'aikata. Dattijon nan ya riƙe motarsa da kyau, injinta lafiya lau, kujerunta ba su yage ba, sai dai fuskarta ta soma nuna shekaru, ɗigo-ɗigon tsatsa sun feso a ƙasan ragar kamar ƙurajen zafi. Da abin ya dame shi, sai ya miƙa ta ga wani mai fenti, shi kuwa bai cire ragar ba, bai wanke ta ba, bai kankare kome ba, sai ya lulluɓe fitilu da tsohuwar jarida, ya fesa mata fenti mai ruwan azurfa, ya karɓi ladansa. Damina ɗaya ba ta ƙare ba fentin ya soma ɓarewa kamar saɓar maciji, tsatsar da aka binne kuma ta fito ta fi ta da yawa. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gani, domin dattijo ne mai yarda da mutane, kuma kuɗin da ya bayar ba a ƙasa ya tsinta ba. Saboda haka da ya yi niyyar kai ta wurin wani tsohon mai gyaran jikin mota, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in a kan sana'ar, sai na roƙi arziki na bi shi, na yini biyu a gindin bishiyar da yake aiki ina kallo. Galibin abin da zan faɗa muku yau daga can na ɗebo shi.

Kafin mu kai ga sifana da sukundireba, ya kamata mu san amfanin abin da za mu cire. Inji idan yana aiki zafi yake haifarwa, ruwa ne ke kwaso zafin ya kai shi lagireto, iska kuma ita ke ratsa lagireto ta tafi da shi. To, ragar nan ita ce ƙofar da iskar ke shiga, kuma ita ce garkuwar da ke tare tsakuwa da kara da ƙwari kada su huda siraran bututun da ke bayanta. Motocin farko ba su da ita, lagireton kansa ne a fili, an yi masa baki da tagulla wadda sai an yi ta goga kullum kafin ta yi haske, kamar yadda aka gani a motar Ford ƙirar Model T har zuwa 1916. Kamfanin Marsandi bai sa raga ta dabam a gaban lagireto ba sai a 1931, a ƙirarsa mai lamba 170. Wanda ya tuna Bosuwaja mai siffar kunkuru zai tuna cewa gabanta a shafe yake, domin injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Fijo 404 da ta fito a 1960 ta zo da raga mai walƙiya, alhali kuwa yawancin 504 ɗin da muka sani, waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar Fijo a 1975, baƙar roba ce a fuskarsu.

Shi kuwa wannan ƙyalli, sunansa kurom, kuma labarinsa yana da ban sha'awa. Wani masanin ilmin kimiyya Bafaranshe, Louis Vauquelin, shi ya gano shi a shekarar 1797 a cikin wani jan dutse da aka haƙo a ƙasar Rasha, aka kuma ciro masa suna daga kalmar Yunananci mai ma'anar launi, saboda gishirinsa yakan zo kore, ko rawaya, ko ja. Hasali ma ɗan kaɗan daga cikinsa ne ke ba yaƙutu jansa, ya ba zumurrudu korensa, tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Hikimar lulluɓe wani ƙarfe da wani ta hanyar lantarki ta riga ta yaɗu tun bayan da Elkington na birnin Birmingham a Ingila ya yi mata rajista a 1840, ana shafa azurfa da zinariya a kan cokula da farantai. Amma kurom ya ƙi sallamawa ga masu wannan sana'a sai a tsakiyar shekarun 1920, lokacin da Colin Fink da abokin aikinsa a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York suka daidaita hanyar yin sa a masana'anta. Daga nan ne ya mamaye fuskokin motoci, ya ture tagulla da nikel, domin shi ba ya dusashewa da iska kamar yadda suke yi.

A nan ne nake son mai sauraro ya ba ni kunnensa duka, domin wanda ya fahimci wannan gaɓa ya fahimci sauran. Abin da ido ke gani ya ce kurom ne, a haƙiƙa rufi uku ne a kan juna idan aikin na kirki ne: a ƙasa akwai jan ƙarfe wanda ke cike ƙananan ramuka ya daidaita fuska, a kansa akwai nikel wanda shi ne asalin madubin, kuma shi ke ɗauke da yawancin nauyin kare ƙarfen daga ruwa, sa'an nan a can sama aka ɗora kurom, wanda kaurinsa bai cika wuce rabin maikiron ba, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kan ɗan Adam ya fi shi kauri fiye da sau ɗari. Shi kansa kurom ba ya tsatsa, saboda da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata fata wadda ido ba ya gani, ta tsare shi. Amma da yake siriri ne haka, cike yake da ƙananan ƙofofi da tsage-tsage, kuma ta nan ne raɓa da ruwan sama ke kutsawa a hankali, shekara bayan shekara, su ci nikel, su isa ga baƙin ƙarfen da ke ƙasa, sa'an nan tsatsa ta tsiro daga can ciki ta ɓullo waje. Ashe ke nan jan ɗigon da muke gani a zahiri ba daga sama ya sauko ba, daga baɗini ya taso. Wanda kuwa ya rufe shi da fenti, ya rufe bakin rijiya ne ya bar ruwan a ciki. Wannan shi ne kuskuren mai fentin farko, kuma shi ya sa tsohon nan ya ce ba zai taɓa ragar ba sai ya sauke ta ya ga bayanta.

Ga yadda ya yi. Ya sa aka kashe mota aka bar ta ta huce, ya shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa, ya ajiye wani ɗan kwanon sha a gefe domin sukurori, sa'an nan ya ɗaga bonet. Ita wannan ƙirar Marsandi ragarta a jikin bonet take, tare suke tashi, kuma bonet ɗin yana da wani matsayi na biyu inda yake miƙewa tsaye cak, wanda ke ba mai aiki sarari ya ga dukan sukurorin da ke riƙe da ragar ta ciki. Bai sa musu ƙarfe nan da nan ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga musu man sassauta tsatsa, ya goge hannunsa, ya ce mu tafi mu yi sallar Azahar. Kafin mu dawo, ɗan koyon da ke wurinsa, yaro mai zafin nama, ya riga ya ɗauki sukundireba yana neman ya cusa a gefen ragar ya ɓamɓaro ta. Tsohon bai ɗaga murya ba, ya ce masa, "Kai yaro, sauke hannunka. Robar nan ta girme ka, ba ta lanƙwasa kuma, karyewa take yi." Yaron ya ce, "To, Baba, na bari." Sa'an nan tsohon ya juya ga mai motar ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, yau ba za ka koma da ita ba. In na yi sauri, abin da zan karya ya fi abin da zan gyara tsada." Dattijon ya ce, "Malam, ai don haka na zo wurinka."

Ya fara da ɗan harshen nan na roba da ke leƙowa ta cikin raga idan an ja sakatar bonet daga cikin mota, ya kwance shi, domin in an manta da shi aka janye ragar, tsinkewa zai yi. Ya saki tauraron tambarin Marsandi da ke tsaye a sama ta wurin juya abin da ke riƙe da shi daga ƙasa, ya naɗe shi a tsumma. Sa'an nan ya koma ga sukurori: kowanne sai ya danna sukundireba da ƙarfi, ya ɗan juya shi wajen ɗaurewa tukuna domin tsatsar ta saki, kana ya juyo shi wajen kwancewa. Guda ɗaya ya ƙi. Bai yi masa dole ba, ya ƙara mai, ya ƙwanƙwasa kansa da ɗan guduma a hankali, ya bar shi ya tafi ga waninsa, da ya dawo sai ga shi ya biyo. Ya bar biyu na sama a sassauce har sai da yaron ya tallafi ragar da hannu biyu, sa'an nan ya zare su, suka sauke ta a kan bargo, fuskarta na kallon sama. Na lura ya jera sukurorin a kan wani kwali da ya huda musu gurabe daidai da yadda suke a jikin mota, domin ba dukansu ne tsayi ɗaya ba; masu wayar hannu a yau suna iya ɗaukar hoto kafin su kwance, kuma ina ba su shawarar su yi.

Da aka juya ta, sai muka ga abin da ya faɗa. Bayan firam ɗin, musamman ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya, ja wur yake da tsatsa, ga laka ta shekaru ta daskare, ga gawarwakin fari da ƙwari. Ya raba firam ɗin ƙarfe da ragar roba mai ruwan toka da ke tsakiya, ya zare siraran ƙarafan ado da ke kwance a kanta a hankali, domin waɗannan in suka lanƙwashe ba sa komawa daidai. Sa'an nan ya ɗauko maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya ɗora a kan firam, ya kama. Wannan ɗan gwaji yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ba kowane abu mai walƙiya a gaban mota ne jinsi ɗaya ba: wani baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, shi maganaɗisu ke kamawa; wani tagulla ce; wani narkakken tutiya ne da aka zuba a mazubi, mai nauyi a hannu, mai yin ƙuraje fari-fari; wani alminiyam ne; wani ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda ba shi da rufi ko kaɗan, kuma ana iya goge shi har ya zama madubi; wani kuwa roba ce tsantsa aka yi mata riga. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani guba ne ga wani.

Idan ƙyallin dusashewa kawai ya yi, ko kuwa tsatsar ba ta wuce ɗigo a sama ba, aikin mai sauƙi ne, kuma kowa yana iya yin sa a tsakar gidansa. A wanke da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi, a bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. Sa'an nan a ɗauki takardar alminiyam irin wadda ake naɗe abinci da ita, a dunƙule, a tsoma a ruwa, a riƙa gogawa a hankali. Da yake alminiyam ya fi kurom taushi nesa ba kusa ba, zai ɗauke tsatsar ba tare da ya karce madubin ba. Na ga tsohon ya yi haka a gefen firam ɗin, bayan ya sauke fentin azurfar da sinadarin narka fenti, baƙin ruwa yana zuba daga hannunsa, da ya share da tsumma sai ga ganyen bishiyar da muke ƙarƙashinta ya bayyana a jikin ƙarfen. Ana kuma iya amfani da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, tare da man goge kurom. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne toka da yashi irin na wankin tukunya, da samfefa, da ruwan batir wanda wasu yara masu wankin mota ke ɗiga wa tsatsa don ta gudu nan take. Waɗannan suna cinye wannan ɗan siririn rufi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa da goga. Bayan an gama a shanya sosai, a shafa kakin goge mota domin ya toshe ƙofofin nan da na ambata. Bayan firam ɗin kuwa, inda ido ba ya kaiwa, a kankare tsatsarsa da buroshin waya, a shafa masa jan fentin hana tsatsa. Tsohon ya fi daɗewa a kan wannan gefe fiye da gefen da mutane ke gani.

Amma idan rufin ya kumbura, ya yi bororo, ko ya fara ɓarewa har ƙarfen ƙasa ya fito, to, goga ba ta da sauran amfani, sai dai a sake lulluɓe shi tun daga tushe, kuma wannan aikin masana'anta ne. Sukan fara da tuɓe tsohon kurom da nikel a cikin sinadari har ƙarfen ya koma tsirara, a buga inda ya lotsa, a cike ramuka, a goge da dutse da ƙyalle mataki bayan mataki har ya yi santsi, domin rufin lantarki ba ya ɓoye aibi, ƙara bayyana shi yake yi. Karce ɗaya da aka bari a ƙasa zai fito a sama yana walƙiya. Daga nan a tsoma shi a kwamin jan ƙarfe a sake masa wuta, a fitar a goge, a tsoma a na nikel, a ƙarshe a ba shi 'yan mintoci a na kurom. Yawancin tsadar aikin ladan hannun mai goga ne, ba kuɗin sinadari ba. Wanda ragarsa ta tutiya ce ya yi hattara da mai walda, domin tutiya tana narkewa a wajen digiri 420 na ma'aunin Salshiyas, harshen wutar walda kuwa ya ninka wannan sau da yawa, kafin ƙiftawar ido sai ta zube. Kuma mai kai aiki yana da haƙƙin ya tambaya a fili: rufi nawa za a yi, kuma nikel ɗin mai kauri ne ko shafa ce? Aikin da aka yi wa rowar nikel yakan fito da kyau ranar karɓa, damina biyu kuma ya koma inda ya fito.

Wajibi ne in faɗi wani abu mai nauyi a nan. Ruwan da aka saba yin kurom da shi dafi ne mai tsanani. Tururinsa yana cin cikin hanci har ya huda shi, yana sa gyambo a fata, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na huhu. A wasu kwamin jan ƙarfe kuma akwai sayanayid, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe mutum. Saboda haka ne ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga watan Satumba na 2017, suka hana amfani da wannan sinadari na kurom sai da izini na musamman. Mu ma ba baƙin wannan ƙarfe ba ne, domin masana'antun jima na zamani a Kano, irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai, da wani nau'in gishirinsa suke jeme fata, kuma an daɗe ana kuka da ruwan da ke fita daga wuraren ya gangara rafi, inda manoman lambu ke ban ruwa. Ina roƙon duk mai wannan sana'a ta lulluɓe ƙarfe, don girman Allah, kada ya tuttular da ragowar ruwansa a kwata, kuma kada ya bar yaransa su tsaya a kan kwami babu safar hannu babu abin rufe hanci. Cutar da maƙwabci haramun ce ko da ta hanyar lambatu ta bi. Samari masu son gwaji kuma su nisanci yin wannan a gida.

Wanda ba shi da halin sake lulluɓewa, yana da hanya biyu. Yana iya neman wata ragar a kasuwannin kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma a nawa ra'ayi tsohuwa ta asali wadda bayanta ke da lafiya ta fi sabuwar kwaikwayo mai siririn rufi, ko da sabuwar ta fi ɗaukar ido a rumfa. Ko kuwa ya yi fenti, kuma fenti ba abin kunya ba ne idan an yi shi bisa ƙa'ida. Shi fenti ba ya kama madubi, sai an kashe ƙyallin gaba ɗaya da samfefa, a fara da mai lamba 180 a gama da 320 ko 400, har babu sauran wurin da ke walƙiya ko a lungu. A kankare tsatsa har ƙarfe mai rai, a wanke maiƙo, a fesa shimfiɗar farko irin mai cizon ƙarfe, sa'an nan launi, siriri-siriri har sau uku, ana barin minti 10 zuwa 15 a tsakani, a wuri mai inuwa da ba iska, ba a tsakiyar hunturu lokacin da ƙura ke sauka kamar gari ba. Mai kankarar kuma ya rufe hancinsa. Ni dai na fi ganin mutuncin baƙin fenti, ko launin jikin motar, a kan fentin azurfa mai da'awar kurom, domin wanda ake sayarwa a gwangwani ba ya zama madubi, kuma ba ya jure wanki. Akwai kuma hukuncin shari'a a ciki ga mai niyyar sayarwa: malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ciniki cewa wajibi ne mai kaya ya bayyana aibin da ya sani, ɓoye shi algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano. Wanda ya shafe ruɓaɓɓen ƙarfe da fenti don ya kai mota kasuwa gobe, ya san matsayinsa.

Motocin wannan zamani kuwa, galibin ragarsu roba ce da ake kira ABS, wadda aka koyi lulluɓe ta da ƙarfe tun shekarun 1960. Ba ta tsatsa, amma zafin ranarmu yana sa rufin ya tattare ya tsage, kuma bakinsa yana yanka yatsa kamar reza. Irin wannan ba ta gyaruwa da goga, sai canji ko fenti. Cire ta ya fi wuya, domin da ƙananan maƙalai na roba aka kama ta, sau da yawa ma sai an sauke bamba gaba ɗaya kafin a kai gare su, kuma a wasu motocin akwai kyamara ko na'urar auna tazara a bayan tambarin, wadda dole a zare wayarta tukuna, kuma ba a fesa wa fuskarta fenti.

Mu koma gindin bishiya. A yini na biyu, bayan La'asar, tsohon ya mayar da ragar roba cikin firam, ya zura siraran ƙarafan a gurabensu, ya shafa ɗan giris a kan kowane sukuru domin wanda zai kwance bayansa. Bai ɗaure ko ɗaya ba sai da ya sa dukansu a sassauce, ya rufe bonet a hankali, ya ja da baya taku biyar ya duba ko tazarar dama ta yi daidai da ta hagu, sa'an nan ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, da ƙarfin yatsu uku kawai. Ya mayar da harshen sakata, ya buɗe ya rufe har sau uku, domin bonet ɗin da bai kama ba yana iya tashi a kan hanya ya rufe wa direba ido. Akwai wani wuri a ƙasan firam, faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba, inda rufin ya riga ya ci har ƙarfe, sai tsohon ya kama hannun dattijon ya ɗora a kai ya ce, "Alhaji, nan ban iya maido da shi ba, na dai tsayar da tsatsar, in ka sami hali, sai masu kwami." Dattijon ya yi masa addu'a, ya biya shi abin da ya yanka bai rage ba.

To, jama'a, ga roƙona gare ku. Idan ƙurar hunturu ta kwanta a gaban motarku, kada ku share ta da busasshen tsumma, ku fara zuba ruwa tukuna, domin ƙurar nan yashi ne mai karce. Ku shafa kaki sau biyu ko uku a shekara. Kuma kafin ruwan farko na bana ya sauka, kowa ya ɗaga bonet ɗinsa, ya haska tocila a bayan ragar ta ƙasa, ya ga abin da ke can.